Dutsen da Sirajo Bai Jefa Ba

Da a ce shekara uku da suka wuce wani ya tari Sirajo a Funtuwa ya ce masa wata rana zai zauna dirshan a ƙasa yana lallashin kare da tsokar kaza, da sai an shiga tsakaninsu. Mutumin da tun yana ɗan shekara bakwai ba ya ganin kare a lungu ya wuce bai duƙa ya lalubi dutse ba. Ba wai mugunta ba ce, haka duk yaran unguwarsu suka tashi. In ka ga kare ka duƙa kawai, ko da dutse ko babu, shi ya san sauran. To ga shi yau a birnin Greensboro na Amurka, yana karatun digiri na uku, yana haya a wani ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood, kuma yana riƙon kare a ɓoye kamar mai ajiyar kayan sata.

Anti Nanret ce ta ja masa. 'Yar Jos ce, ta girme shi da kusan shekara goma, ita ke kula da ɗakin gwaje-gwajen sashensu a jami'a, Asabar da Lahadi kuma tana aikin sa kai a wani gidan ceton dabbobi da ke can bayan titin Wendover. Lokacin da Sirajo ya sauka garin bai san gabas ba bai san yamma ba, ita ta zaga da shi shagunan titin Gate City ta nuna masa inda ake samun garin tuwo da kuka da daddawa, ita ta koya masa tuƙi har ya samu lasin. Wadda ta yi maka wannan, ina za ka samo bakin ce mata a'a?

"Malam Sirajo, sati shida ne kawai," in ji ta ranar da ta kawo maganar. "Gidanka shiru, ba yara, ba mage, ga shinge a baya. Irin gidan da yake buƙata ke nan."

"Anti, kare fa kika ce."

"Kare na ce. Ban ce kura ba."

Ta ba shi labarin. An tsinci karen ne ɗaure da sarƙa a bayan wani gida, masu gidan sun tashi sun bar shi, masu wucewa kuma sun mayar da shi abin jifa da kwalabe da duwatsu. Tun daga nan duk wanda ya duƙa a gabansa ko ya ɗaga masa hannu, cizo yake kaiwa, har ya riga ya ciji wani ma'aikacinsu sau ɗaya. Dokar gidan ita ce a ba shi sati shida a hannun mai riƙo, sannan a gwada shi. In ya ci gwajin, a nema masa gidan zama. In ya faɗi, sai allura.

"Allurar me?" Sirajo ya tambaya.

"Wadda ba a tashi."

Haka aka kawo shi, baƙi wuluk, haƙarƙarinsa a waje, da tabo a saman idonsa na hagu. Da wani suna na Turawa da aka rubuta masa a takarda, amma Sirajo ya ce shi bakinsa ba zai iya kiran kare da sunan mutum ba, ya sa masa Duna. Kwana huɗu Duna yana ƙarƙashin teburin kicin. Ba ya fitowa sai gidan ya yi tsit, kuma ko tari Sirajo ya yi sai ya ji gurnani.

Anti Nanret ta ba shi dokoki, ya rubuta su ya manna a jikin firij kamar wanda zai shiga jarrabawa. Kada ya kalle shi cikin ido. Kada ya tsaya masa a ka. Ya zauna a ƙasa, ya ba shi gefe, ya riƙa jefa masa 'yar tsokar kaza nesa kaɗan, gobe ya matso da ita, jibi ya ƙara matsowa. In zai miƙa hannu, ta ƙasa, tafi a buɗe. Sirajo ya bi duk wannan yana tsaki a ransa. Ɗan malamai guda, mai koyar da yara Alƙur'ani ranar Asabar a masallaci, wai shi ne zaune a kan tayil yana cewa, "Haba Duna, yi haƙuri, ci mana." Da mahaifiyarsa za ta leƙo ta waya ta gan shi, da ta ce a nemo masa rubutu.

Amma abin da bai yi tsammani ba shi ne ranar da karen ya fara cin kaza a tafinsa, sai da ya ji ƙwalla ta taru masa. Rana ta goma sha ɗaya ce. Duna ya miƙo wuya, jikinsa na rawa, ya ɗauke tsokar da gefen baki ya koma da gudu. Sirajo ya tashi ya wanke hannu har sau bakwai, yana wankewa yana murmushi shi kaɗai.

Daga nan abu ya miƙe. A sati na uku Duna ya san "zauna", ya san "zo nan", ya san "bari". Anti Nanret ta zo dubawa ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce duk wanda zai ɗauki karen nan sai an haɗa masa da malamin Hausa. A sati na huɗu Sirajo ya fara darasin da ya fi wuya: yana sakin makulli a ƙasa, ya duƙa a hankali ya ɗauka, ya miƙa wa Duna kaza, domin ya koyi cewa duƙawar mutum ba jifa ba ce. Anti ta gaya masa wannan yana cikin abin da za a gwada. Sau ashirin a rana yake yi, har bayansa ya fara ciwo.

Ɗakin da yake salla kuwa ya sa masa ɗan shingen katako a ƙofa, Duna ba ya shiga. Sai dai ya zo ya kwanta a bakin shingen, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, yana kallon Sirajo har ya sallame. Sirajo ya saba da wannan kallon ƙwarai.

Duk da haka ko mutum ɗaya a cikin 'yan'uwa na masallaci bai san da zaman Duna ba. Da an idar da sallar asuba yake fita da shi, ya ja hular rigarsa ya rufe fuska, su zaga layi biyu su dawo kafin gari ya waye sosai. In wani ya ce zai zo gaishe shi, sai ya ce ai yana ɗakin karatu. Kafin ya tafi masallaci sai ya bi rigarsa da salatif yana cire gashi ɗaya bayan ɗaya. Ya san abin da littattafai suka ce, ya san malamai sun yi magana a kan tausayin dabba, shi da kansa ya sha faɗa wa yara. Ba littafi yake tsoro ba. Tsoronsa a ce, "Malam Sirajo ya zo Amurka ya zama Bature, har da kare a ɗaka."

Saura kwana biyar gwaji aka yi Babbar Salla.

Washegarin Salla da hantsi, rana ta buɗe, Sirajo ya fito gaban gida da Duna ba igiya, don ya ga layin ba kowa. Yana ta sakin makullinsa yana ɗauka, sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin titi. Sirajo ya san motar. Alhaji Sanda ne, dattijon da ya shekara talatin a garin, mai sayar da motoci a Gate City, wanda shi ya samar masa gidan nan kuma shi ya ba shi ajin yara a masallaci. Mutanenmu dai ko a Amurka ba sa buga waya kafin su kawo naman layya. Alhaji ya fito cikin babbar riga fara sol, da leda a hannu, yana sallama tun daga nesa.

Duna ya shaƙi ƙanshin ɗanyen rago. Karen da wata guda da ya wuce ko inuwar mutum ba ya so, sai ga shi ya nufi baƙo yana kaɗa jela, kunnuwa a sake. Abin da aka yi sati biyar ana nema ke nan. Alhaji ya ja da baya, ya tattare rigarsa, ya ce, "A'a, a'a, Malam, wannan fa?"

Kalma ɗaya ta isa. Da Sirajo ya ce "zauna", da Duna ya zauna. Amma in ya faɗa, Alhaji zai ji kare ya amsa Hausa, kuma magana ta ƙare. Kafin ya gama wannan tunanin jikinsa ya riga ya yi abin da ya iya tun yana yaro. Ya duƙa da sauri, ya wawuri ƙasa, ya ɗago hannu sama kamar mai jifa, ya daka tsawa.

"Kai! Tafi can!"

Ba ko tsakuwa a wajen, ciyawa ce kawai. Hannunsa wayam.

Duna ya tsaya cak. Bai kalli hannun ba, fuskar Sirajo ya kalla. Sai ya manne da ƙasa, ya saki fitsari, ya ja ciki har bakin ƙofa, ya shige.

"Na maƙwabta ne, Alhaji," in ji Sirajo. "Haka yake shigowa."

Alhaji ya dube shi, ya dubi ƙofar da karen ya shiga. "Haba Malam Sirajo, me ya yi maka? Nama ya ji, dabba ce. Ni rigata kawai na janye, don daga nan gidan suna za ni." Ya miƙa masa ledar, suka yi barka da Salla a tsaitsaye, ya shiga mota ya tafi.

Sirajo ya daɗe tsaye da leda a hannu. Kunya iri biyu ta haɗu masa, ta Alhaji da ta Duna, kuma ta biyun ta fi ta farkon nauyi nesa ba kusa ba. Da ya shiga gida ya tarar da Duna ƙarƙashin teburin kicin, daidai inda ya faro. Ya zauna a ƙasa, ya ba shi gefe, ya yanko hanta daga naman Alhaji ya miƙa ta ƙasa, tafi a buɗe. Duna ya yage baki ya nuna masa haƙora.

Abin da ya fi ci masa rai sai da azahar. Ya tayar da salla, can ya ji takun ƙafa, Duna ya lallaɓo ya tsaya nesa da shingen, saboda sabo. Sirajo ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe da sauran dama. Yana duƙawa ruku'u sai ya ji ƙarar farata a kan tayil, karen ya kwasa da gudu har yana bugun kujera. La'asar haka, magariba haka. Duk ruku'un da zai yi, sai Duna ya ɗauka dutse ake nema. Wallahi Sirajo bai taɓa jin ya raina kansa kamar a kwanakin nan ba, yana tsaye gaban Ubangijinsa yana jin dabbar da aka ba shi amana tana gudunsa.

Bai kira Anti Nanret ba. Sau uku yana ɗaukar waya yana ajiyewa. Me zai ce mata? Ya dai koma darasin farko, kaza nesa, kaza kusa. A rana ta huɗu Duna ya karɓa daga ƙasa kusa da gwiwarsa, amma da ya gwada sakin makulli, tun kafin ya duƙa karen ya ɓace.

Ranar Asabar suka je gidan ceton. Aka shigar da su wani ɗaki mai faɗi, da Anti Nanret da wata Baturiya mai gwajin, riƙe da allon rubutu. Aka taɓa kwanon abincinsa yana ci, ya haƙura. Aka wuce da wani kare ta gabansa, bai kula ba. Sirajo ya ce "zauna", ya zauna, Baturiyar har da murmushi. Anti ta kalli Sirajo ta ɗaga masa gira, alamar sun kusa. Shi kuwa ya san abin da ya rage.

Matar ta saki makulli, ta duƙa.

Duna ya yi wani irin kuka ya zabura. Igiya ce ta tare shi, haƙoransa suka haɗu a iska, tazarar ɗan yatsa daga hannunta. Matar ta miƙe a hankali, ta yi rubutu a allonta, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta fita.

Da ƙofa ta rufu, Anti Nanret ta juyo gare shi.

"Sati biyu da suka wuce na duƙa a gaban karen nan na ɗaure takalmina, yana lasar kunnena. Me ya faru?"

Ƙarya tana nan kusa, har ta zo masa baki. Yana iya cewa yaran layi ne suka tsorata shi, ko ƙarar mota. Ya kalli Duna, wanda ya cusa kai a kusurwa yana haki, sai ya ji ba zai iya ƙara wata ƙarya a kan wadda ya riga ya yi ba. Ya faɗa mata komai, da naman, da rigar Alhaji, da duƙawar, har da maganar maƙwabta. Bai ɗago kai ba har ya gama.

"Ka jefe shi?"

"Ban jefa ba, Anti. Ba komai a hannuna."

"Shi ya san da haka?"

Sirajo ya girgiza kai.

Ta sauke numfashi. "Ni ma a Jos na girma, na san duƙawar nan, na yi ta. Ba ita ce ta ɓata min rai ba. Da ka kira ni ranar, da na roƙa an ɗaga gwajin. Yanzu an rubuta, ba mai gogewa. Ba za su ba wa kowa shi ba, Malam. Ranar Talata likita zai zo."

Sirajo ya zauna a kan benci. Ya tambaye ta ko babu wata hanya, ko guda.

"Akwai ɗaya. Mai riƙo yana iya sa hannu ya ɗauke shi gaba ɗaya, ya zama nasa, komai ya faru a wuyansa. Amma ka ji ni da kyau. Karen nan ba zai warke a ɓoye ba. Sai ya fita da rana, ya ga mutane, mutane sun gan shi, tare da kai. In za ka ci gaba da zagawa da shi da asuba kamar ɓarawo, ka bar mana shi, allurar ta fi masa sauƙi."

Ya yi tunanin ajin yara na Asabar, da iyayen da za su fara kawo uzuri. Ya yi tunanin maganar da za ta riga shi isa Funtuwa. Duk wannan ya zo masa, bai ɓoye wa kansa ba, sannan ya karɓi biro. Ya dai sa hannun.

Washegari Lahadi da hantsi ya sa wa Duna igiya da takunkumin baki da Anti ta ba shi, ya saka shi a mota, ya tuƙa har filin motocin Alhaji Sanda. Ya ga in bai fara da nan ba, ba zai taɓa farawa ba. Alhaji yana zaune a inuwa bakin ofis da kofin shayi. Sirajo ya tsaya daga nesa kaɗan, ya ce wa Duna "zauna", karen ya zauna yana kyarma. Sannan ya gaishe da Alhaji a tsaye ƙiƙam, bai rusuna ba, abin da bai taɓa yi wa babba ba.

"Alhaji, ka gafarce ni ban duƙa ba, tsoro yake ji. Kuma na zo ne in gaya maka ƙarya na yi maka ranar nan. Ba na maƙwabta ba ne. Nawa ne."

Alhaji ya kurɓi shayinsa ya ajiye.

"Ai na sani. Karen maƙwabta ba ya gudu ya shige gidanka. Kuma tun watan jiya nake ganinku da sassafe in na biyo ta layinku zan tafi kasuwar gwanjon motoci. Na ga ba ka so a sani, na yi shiru. Mutane za su yi magana kam, wannan ba na ce maka ba za su yi ba." Ya kalli Duna, ya girgiza kai. "Amma ranar nan na tafi da abin a raina, Malam. Na ce ashe saboda ni aka yi wa bawan Allah nan haka."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Sirajo ya shige ya gode mata. Ashe duk ɓoyon, da salatif, da hular rufe fuska, da ƙaryar, da abin da ya kusa kashe karen, don mutumin da ya riga ya sani ne, kuma bai ce komai ba.

Suka dawo gida ana kiran azahar a wayarsa. Ya cire wa Duna takunkumi, ya zuba masa ruwa, ya yi alwala ya shiga ɗaki ya ja shingen. Yana cikin karatun raka'ar farko ya ji takun nan a hankali, yana zuwa yana tsayawa, har ya iso bakin ƙofa. Sirajo ya ja sura ya ƙara ja, yana jinkirta abin da ba makawa sai ya yi. Daga ƙarshe ya yi kabbara, ya duƙa.

Ya kasa kunne yana jiran ƙarar farata. Bai ji ba. Abin da ya ji shi ne ƙarar shingen katakon yana kaɗawa kaɗan-kaɗan, domin Duna ya jingina da shi, jikinsa na ɓari, yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, amma bai tafi ba. Karen yana jiran dutsen, amma duk da haka ya zauna.

Sirajo ya daɗe a duƙe, hawaye na ɗiga a kan darduma. Ya gama tasbihi ya sake, ya gama ya sake. Ya kasa ɗagowa, domin bai san da wane ido zai kalli Duna ba.